Farantin Balkisu

Ku 'ya'yana da jikokina, wannan shi ne babin da na fi jinkirin rubutawa. Da nake ba ku labarin yadda na sauke Alƙur'ani a gaban mahaifina a Morai, da yadda na shiga noman rani, alƙalami gudu yake yi. Da na iso shekarar da yayarku Balkisu ta maimaita a kwaleji, sai ya riƙa cijewa. A gidan nan kowa ya haddace cewa kwamfutar hannu, wadda kuke kira tab, ita ce ta ci mata shekara guda. Innarku ta maimaita maganar har ta zama kamar karatun sallah. Yanzu ga autanmu Sadiku ya samu shiga kwaleji, ya roƙi a samo masa irinta, Inna kuma ta rantse abin ba zai sake ƙetare zaurenta ba. Na ga dai ranar wanka ta zo, ba a ɓoyon cibi.

Kun san halina. Ban taɓa ganin abu a rufe hankalina ya kwanta ba. Ina ɗan shekara tara na kwance agogon mahaifina don in ga wane ne ke ƙwanƙwasawa a ciki, na mayar da shi sai ƙusa biyu suka yi saura, na sha bulala kuma ban daddara ba. Rediyo, fitilar ƙwai, injin ban ruwa, babu wanda ban ga hanjinsa ba. Mutane suna ce mini Malam saboda ɗaliban da ke ɗaukar karatu a zaurena, amma Innarku in ta so tsokana cewa take yi da ba a ba ni allo da wuri ba, da bakanike aka yi.

A shekararta ta ƙarshe a kwalejin da take koyon aikin gona a Bakura, Balkisu ta zo ta ce malamai sun daina raba takardun darasi, sai dai a tura wa ɗalibi a na'ura, ga kuma aikin bincike da kowa zai yi kafin a sallame shi. Kawunta na Maradun ya ce zai ɗauki nauyi, amma mu zaɓa: ko tsohuwar kwamfutarsa mai marfi da madannai, ko sabuwar tab. Wani uban da sai ya ce yarinya ta zaɓa. Ni kuwa na ɗauki abin kamar zaɓen iri. Na yi mako biyu ina tambaya. Na tare ɗalibai a tasha, na zauna a shagon mai buga takardu a Talata Mafara har ya gaji da ni, na je Bakura na samu malamin da ke duba aikinta. Mai buga takardu ya ce tab ta karatu ce, ba ta dogon rubutu ba, duk masu ita wurinsa suke dawowa idan rubutun ƙarshe ya zo. Malamin ya ce ya danganta da irin aikin ɗalibi, wanda aikinsa ke cikin gona ba ya son kaya mai nauyi da ke mutuwa bayan awa biyu. Na dawo gida na yanke hukunci da muryar manya cewa tab za a kawo, saboda sauƙin ɗauka da riƙe caji. Duka gaskiya ne. Abin da ban faɗa ba shi ne ina mutuwar son in ga yadda gilashi ke jin maganar yatsa.

Ranar da aka kawo ta, Inna ta juya ta gaba da baya, ta ƙwanƙwasa da farce.

"Wanga farantin na za shi yi mata karatu? Abin da ko maruhi bai da?"

"Ke dai ki zura ido," na ce mata. "Littahi ɗari shina shiga ciki."

"To, mu dai mun ga littahi ɗari cikin akwati, ba mu taɓa ganin sun ɓace rana ɗaya ba."

Daga ranar sunan ya bi ta, kowa ya koma cewa farantin Balkisu.

Binciken nata a kan shinkafa ne. An yarda ta yi shi a gonata ta bakin ruwa, na yanka mata gefe ta yi fangali goma sha biyu: wasu ta sa musu takin shanu, wasu takin zamani, wasu ta haɗa biyun, wasu ta bar su haka. Duk Asabar za ta hau kabu-kabu daga Bakura, ta shiga cikin taɓo da tef ɗin awo, ta auna tsawon shuka goma a kowane fangali, ta ƙirga 'ya'yan da kowace ta fitar, ta rubuta a farantin, ta ɗauki hoto. Ni kuma ina gefe, wai ina gyaran kunya, alhali idona na kanta. Na ga abubuwan da suka burge ni ƙwarai. Ganye ya yi ɗigon ja, ta ɗauki hotonsa ta buɗa da yatsu biyu har ɗigon ya kai girman kwabo, ta kwatanta da na cikin darasinta, ta gaya mini sunan cutar da na shekara talatin ina kira ƙuna kawai. Na kuma ga kasawarsa. In rana ta take ba a ganin komai sai ta lulluɓa da hijabi kamar mai ɓoyon goro, in hannu ya jiƙe gilashin ya daina jin magana, caji kuma sai an kai shagon mai sola. Amma abin da ya fi ɗauke mini hankali shi ne wata rana da ta jera hotunan fangali ɗaya tun daga dashe, tana ja da yatsa, shinkafa tana girma a gabana cikin ƙiftawar ido. Na yi noma duk rayuwata, ban taɓa ganin shuka tana tsawo ba sai ranar.

Wata huɗu ana wannan. Aka yi girbi, ta auna abin da kowane fangali ya bayar, ta rubuta. Saura ta zauna ta haɗa rahoto. Sai matar kawunta ta haihu a Maradun, aka ce ta je ta taya aikin suna na mako guda. Inna ta ce kada ta kai faranti gidan biki, hannu ya yi yawa, ta bar shi cikin akwatinta a ƙarƙashin zannuwa.

Ranar Litinin bayan azahar Inna ta tafi barka maƙwabta, gida ya yi tsit. Na ce bari in sake kallon shinkafar nan tana girma, sau ɗaya kawai, in mayar. Ana buɗe abin ne da zane: ɗigo tara, a ja yatsa a haɗa wasu. Na sha ganin yatsan Balkisu ta gefen ido, kuma ni mutum ne mai alfahari da hadda, abin da na gani sau uku ya zauna. Na ja, ya ƙi. Na ce na fara daga hagu ne maimakon dama. Ya ƙi. Bayan na biyar ya ce in dakata. Mai hankali da nan ya tsaya, amma karambanin akuya gai da kura, na dakata na ci gaba, na sake dakatawa na sake ci gaba. Kafin la'asar ɗigon taran sun ɓace gaba ɗaya, sai wani gurbi da ke neman suna da kalmar sirri da ban taɓa ji ba. Ba tsoron lalacewar abin ne ya fi damuna ba, kunya ce: a ce Malam, mai furfura, ya buɗe akwatin 'yarsa budurwa ya yi wasa da kayan karatunta.

Washegari kasuwar Talata Mafara ke ci. Na sa farantin cikin gafakar littattafaina, na ce wa Inna za ni duba farashin iri. Na wuce masu gyaran waya biyu da suka san ni, na tsaya wurin wani magidanci da ban sani ba, can ƙuryar layi. Muka gaisa, lafiyar gida, lafiyar kasuwa, ya gajiya, ya iyali, na ja gaisuwar fiye da kima kafin na fito da abin. Ya duba ya girgiza kai.

"Baba, ina mai ita? In ta zo ta sa kalmarta, minti ɗaya an gama."

"Ta yi tahiya. So nike kahin ta dawo an gyara."

"To sai dai filashin. Amma in gaya maka gaskiya, duk abin da ac ciki tahiya za shi yi. Hotuna, rubutu, komi. Kamar ranar da anka sawo ta za ta koma."

Ku lura da kyau, domin ba na son a ɗora wa bawan Allahn nan laifi: ya gaya mini, kuma na ji. Ya ma sake maimaitawa. Amma ni da wane kai na saurare shi? Da kan mutumin da ya tashi a gidan da ɗalibi ke rubuta darasi a allo, ya bita har ya zauna a ƙirji, sannan a wanke a rubuta na gaba. A wurinmu abin kunya ne ɗalibi ya ce karatunsa na cikin wani abu da ba kansa ba. Na lissafa a raina: darussan malamai za a sake turo mata, wannan na ji ta faɗa. Sauran kuwa, yarinyar da ta yi wata huɗu tana shiga taɓon nan da ƙafarta, ai ta san shinkafarta kamar yunwar cikinta. Har da murmushina na ba shi amsa.

"Yi aikinka. Karatu ga ƙirji shike, ba ga allo ba."

Ya ɗaga kafaɗa ya yi. Bai ɗauki lokaci ba. Da ya gama ya kunna, ya gwada sauti, ya ɗaga ta sama ya juya nan da can, ya ce komai na aiki. Na dawo gida na mayar da ita ƙarƙashin zannuwa, na gyara ninkin yadda na same shi.

Balkisu ta dawo ranar Juma'a da kayan suna. Ina zaure ina jin dariyarta da Inna, sai na ji shiru, irin shirun da ke sa kaji ma su natsu. Can ta fito tsakar gida da farantin a hannu, fuskarta kamar an zare mata jini.

"Inna, babu komi ciki. Awona duka. Babu komi."

"Inna lillahi! Mi na ce? Mi na ce tun ranar da anka kawo shi? Abu na kwance cikin akwati, ba wanda yat taɓa shi, shi tashi shi zubar da wahalar wata huɗu!"

Ba wanda ya taɓa shi. Nan ne ya kamata in buɗe baki. Na shigo na tsaya, na ga idon Inna, na ga maƙwabta sun fara leƙowa, sai na ji kaina ina cewa wataƙila zafin ɗaki ne. An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, to ni da ƙarya na naɗe tawa. Balkisu ta koma ɗaki da farantin, ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito ta kalle ni sau ɗaya, ta sunkuyar da kai, ba ta sake tayar da maganar yadda abin ya faru ba.

Duk da haka ban gane girman ɓarnar ba sai da yamma, da na kira ta zaure don in nuna mata abin bai kai haka ba.

"Kwantar da hankalinki. Ni da ke mun san gonar ga. Wanda anka haɗa ma taki biyu shi yaf fi, kowa ya gani. Zauna mu tuna, ki rubuta."

"Baba, fangali na bakwai, mako na biyar, shuka ta ukku. Santimita nawa ta?"

Ni da nake iya ɗauko aya daga tsakiyar kowace sura a tashe ni daga barci, ban san tsawon shuka ɗaya ba. Ta ce awo ɗari da ashirin take yi duk Asabar, ban da ƙirgen 'ya'ya. A ranar na fahimci akwai ilmin da ba a yi shi don ƙirji ba, amfaninsa duka yana cikin a ajiye shi daidai yadda aka same shi. Na fahimta, amma bayan aikin gama ya gama.

Wasu abokan karatunta sun ba ta shawara ta zauna ta ƙirƙiro lambobin, wai wa zai sani. Ta ƙi. Ta je ta gaya wa malaminta abin da ya samu awonta, ya tausaya mata, amma ya ce shinkafar da aka girbe ba ta komawa gona, sai ta jira wani ranin ta sake daga dashe. Haka 'yan ajinsu suka gama suka watse, wasu suka samu aiki, ita tana gida damina guda tana tankaɗe da wanke-wanke, mata na shigowa suna tambaya cikin tausayin da ya fi zagi ciwo ko faɗuwa ta yi. Ta rame. Ni ma na rame, Inna ta ɗauka ciwon shawara ne ta dafa mini saiwoyi, na shanye. Sau uku ina kiran Balkisu zaure da niyyar in faɗa, sau uku ina ɓigewa da tambayarta ko an ba awaki ruwa.

Da rani ya zagayo na ba ta wuri mafi kyau a gonar, na ce ni ne leburanta. Ranar awon farko ta zo da farantin nan dai, ga kuma sabon littafin rubutu mai bango mai kauri. Ta miƙo mini littafin da biro, ta ce duk lambar da ta kira in rubuta, ita ma tana sawa a nata, da yamma mu gwada su. Ta kuma koyi tura kwafin awon zuwa wayar ƙawarta duk mako. Haka muka yi wata huɗu, tana kira ina rubutawa da lambobin Larabci da na saba. A mako na biyu ne, muna hutawa a gindin mangwaro, ta matso da farantin gabana.

"Baba, ga yadda aka buɗe shi. Daga nan, zuwa nan, sai ƙasa. Ko wata rana kana son ka duba shinkahwa ba ni kusa."

Na saci kallon fuskarta, ban ga komai ba sai ladabi. Na ce wa kaina dacewa ce kawai. Ta gama, ta yi rubutun ƙarshe a shagon mai buga takardun nan, kamar yadda ya faɗa tun farko, ta fito da sakamako mai kyau. Yau ita ce malamar gona da manoman wajen Maradun da Tsibiri ke jira duk mako, kuma da tab take yawo.

Saboda haka, Sadiku, in kana son ra'ayin wanda ya yi rani biyu yana kallon abin a bakin aiki: tana da kyau ga ɗalibin da karatunsa ya fi rubutunsa yawa, da wanda aikinsa ke waje. In dogon rubutu ne a gabanka za ka sha wahala sai ka nemi madannai. Kuma duk abin da ka saka a ciki ka ajiye ɗan'uwansa a wani wuri. Amma ba ta cin shekarar kowa. Ba ta taɓa zubar da komai da kanta ba.

Makon jiya Balkisu ta zo da 'ya'yanta. Bayan la'asar na kira ta zaure, wannan karon ban tambayi awaki ba. Na faɗa mata duka, tun daga akwatin har ƙuryar kasuwa, ina kallon tabarma. Da na gama na ce ta yafe mini shekararta. Sai ta ciro wayarta ta yi ta ja da yatsa, sannan ta miƙo mini da hannu biyu.

Hotona ne. Ina tsaye a wata rumfa, wayoyi na rataye bayana, gafaka a hammata, hulata ta karkace. Ashe lokacin da mai gyaran ya ɗaga farantin sama yana juyawa, gwada idon ɗaukar hoto yake yi.

"Shi kaɗai na iske ciki ranar, Baba. Duk wayar da na canza sai na maido shi."

"Shekara nawa kina da wanga, ba ki ce komi ba? Kin bari ana ce kin faɗi?"

"Na shiga ɗaki da hushi, wallahi. Na ce sai na hito na nuna ma kowa. Sai na buɗa hoton da yatsa kamar yadda nika yi ma ganye mai cuta. Na dubi huskarka, na ga babu abin da zan ƙara mata."

Na karɓa na buɗa da yatsu biyu, yadda ta koya mini. Ni dai a tunanina murmushi na yi a rumfar nan, haka na riƙe abin duk shekarun nan, haka ma na rubuta muku a sama. Mutumin da ke cikin hoton ba murmushi yake ba. Fuskar yaro ɗan shekara tara ce, riƙe da ƙusa biyu a hannu.

Innarku ba ta sani ba tukuna. Sadiku, kai za ka karanta mata wannan babin, da ƙarfi, kada ka tsallake ko layi ɗaya. Ni ina zaure, ba inda za ni.